Zauren Kurakurai: Darasi a kan Manhajar Rajista domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Gwarzo da Kabo a yammacin Jihar Kano, da kuma dagatai waɗanda ke aiko musu da labarin ƙauyukansu. Maganar kwamfuta za mu yi, amma kada wannan ya sa mai karatu ya ajiye takardar ya ce ba fanninsa ba ne. Ba mu nufin mu mai da hakimi mai tsara manhaja. Abin da mu ke so shi ne, ran da aka kawo wa ofishinsa manhajar rajista, ya san tambayar da zai yi kafin ya yarda a fara aiki da ita, watau: idan kuskure ya auku, ina ya ke zuwa, wa ke rubuta shi, wa kuma ke karanta shi?

AL'ADAR LITTAFI

Tsofaffin malamai waɗanda suka yi aiki a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun san amsar wannan tambaya a wajen aikin littafi. Ba a kankare abin da aka rubuta a littafin kuɗi. Idan malami ya yi kuskure, sai ya ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta abin da ke ƙarƙashi, ya rubuta daidai a sama, ya sa hannu. Idan rasit ya ɓaci ba a yage shi a yar. A kan soke shi a bar shi cikin littafin tare da kwafinsa, domin in mai binciken kuɗi ya zo ya tarad da lambobin suna bin juna ba gurbi. Haraji da jangali sun tafi tun 1979, sa'ad da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, amma hikimar wannan al'ada ba ta tafi tare da su ba. Kuskuren da ya bar sawu ana iya gyara shi, ana kuma iya wanke wanda ba shi da laifi. Wanda bai bar sawu ba kuwa, a kan malami ya ke faɗawa.

Yanzu rajista da yawa tana komawa cikin kwamfuta: ta haihuwa da mutuwa, ta gonaki, ta rumfunan kasuwa, ta rabon takin zamani. Abin da a ke kira rumbun bayanai ba kome ba ne illa littafin rajista da aka ajiye cikin kwamfuta, da layukansa da gidajensa kamar na takarda. Manhaja kuwa ita ce jerin umarnin da wani ɗan Adam ya rubuta wa kwamfuta, ita ce ke nuna wa malami fom a allo, ta karɓi abin da ya rubuta ta kai rumbu. Irin wadda mu ke magana a kanta ita ce ta kwamfutar tebur, wadda ke aiki a ofis ɗaya ko babu intanet. An daɗe ana gina irinta. An yi yayin dBASE daga wajen 1980, da FoxPro bayanta. Kamfanin Microsoft ya fito da Access a 1992, kamfanin Borland ya fito da Delphi a 1995, wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp kuma ya fito da SQLite a 2000, wanda yau yana cikin wayar hannu da ke aljihun kusan kowa.

INDA KUSKURE KE FITOWA

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce an kawo takin zamani buhu 200 domin manoman Durun, a Ƙaramar Hukumar Kabo, an sa malami ya riƙa karɓar kuɗi yana ba da rasit da kwamfuta. Kowane ciniki ɗaya, manhajar aiki uku ta ke yi a ɓoye: ta rubuta kuɗin da aka karɓa, ta rage buhu ɗaya daga lissafin sito, sa'an nan ta ba da lambar rasit.

Wani kuskuren daga hannun malami ya ke: ya rubuta harafi a gidan lamba, ko ya sa lambobi 10 a gidan lambar shaidar zama ɗan ƙasa, alhali kuwa 11 ne, ko ya shigar da manomi ɗaya sau biyu. Wannan shi ne mai sauƙi. Wani daga hannun mai tsara manhajar ya ke, watau ya manta da wani hali da zai iya aukuwa, kamar a nemi a raba buhuna ga unguwar da ba a rubuta mata mutum ko ɗaya ba. Kwamfuta ba ta iya raba lamba da sifiri, sai ta tsaya. Na ukun ba laifin kowa ba ne a cikin ofis, shi ne kuma wanda ya fi damun mu a ƙasar nan: wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, batir ya mutu, ma'adanin kwamfuta ya cika, ko malamai biyu su kai hannu ga layi ɗaya a lokaci ɗaya.

To, a ce wuta ta ɗauke bayan an rubuta kuɗin amma kafin a rage buhun. Manomi ya ɗauki takinsa ya tafi. Da maraice lissafi zai nuna buhu ɗaya a sito wanda babu shi a zahiri. Wa za a kama? Mai tsaron sito. In kuwa akasin haka ya faru, aka rage buhu ba a rubuta kuɗi ba, sai a ga rarar kuɗi a akwati wadda ba ta da asali, wannan ma tuhuma ce.

Kowane irin kuskure yana da lamba a wajen kwamfuta. A Access, lamba 11 ita ce raba abu da sifiri, 13 ita ce sa abu a gidan da ba irinsa ba, 3022 kuwa ita ce ƙoƙarin maimaita lambar da bai kamata a maimaita ba. A SQLite, 5 tana nufin wani yana riƙe da rumbun, 13 ma'adani ya cika, 11 fayil ya lalace. Ba a bukatar hakimi ya haddace waɗannan. Mun kawo su ne domin a gane cewa, ban da ɗaukewar wuta farat ɗaya, kwamfuta ta kan san abin da ya same ta, ta kan kuma faɗa. Magana ita ce, wa ta ke faɗa wa?

GIDA MAI ƘOFOFI DA YAWA

Manhajar rajista tana da sassa da yawa, wata ta kan kai ɗaruruwa: sashen buɗe rumbu, sashen ajiye suna, sashen buga rasit, sashen haɗa jimla. Maginin da bai ƙware ba ya kan bar kowane sashe ya yi yadda ya ga dama da kuskurensa. Wannan ya nuna saƙo da Turancin da ba mai fahimta, wancan ya rufe manhajar baki ɗaya, wani kuma ya yi shiru. Na ƙarshen nan shi ne mugun. A harshen da a ke tsara Access da shi akwai wani umarni mai kalmomi huɗu kacal, ma'anarsa: in an yi kuskure, wuce gaba. Yana da amfaninsa a wurare kaɗan, amma ragon magini ya kan sa shi a saman kowane sashe domin manhajarsa ta zama kamar ba ta taɓa tuntuɓe a gaban mai saye. Tuntuɓen kuwa tana yinsa, ba ta dai cewa wayyo.

Kada a ɗauka wannan cutar ƙananan ofisoshi ce kaɗai. A Ingila, a 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a tana tattara sakamakon gwaji cikin tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sai sauran sakamakon suka riƙa zubewa ba tare da wani gargaɗi ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutum 15,841 waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar ba su shiga lissafi ba, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

ZAURE

Maganin wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya san gidan sarauta. Gidan hakimi yana da ɗakuna da yawa, amma zaure ɗaya ne a ke shiga. Mai ƙara daga Garo, da mai kawo labarin gobara daga Gude, da ɗan aike daga Masanawa, duk nan su ke faɗuwa su yi gaisuwa, nan a ke jin maganarsu, nan a ke yanke ko za a kashe ta a wurin ko za a kai ta gaba. Da a ce kowane bafade yana karɓar ƙara ta bayan danga yana yanke hukunci shi kaɗai, da hakimi bai san halin da ƙasarsa ke ciki ba.

Haka gwanin magini ke yi. Ya kan gina sashe guda wanda ba shi da wani aiki sai karɓar kurakurai, ya ɗora wa kowane sashe doka cewa duk abin da ya gagare shi ya miƙa can. Delphi da FoxPro sun zo da wurin da a ke naɗa wannan sashe sau ɗaya ya tsare manhajar duka. A Access kuwa sai magini ya bi kowane sashe ɗaya bayan ɗaya ya rubuta masa hanyar zuwa zauren. In ya tsallake guda, to ya bar ƙofar baya a buɗe. Shi ya sa ya kamata a tambaye shi ko ya bi duka.

Amma a lura, ba kowace magana ce ke isa zaure ba. Rigimar kaza mai unguwa ke kashe ta. In malami ya sa lambobi 10 maimakon 11, fom ɗin da kansa ya isa ya ce masa ya duba ya gyara, ba sai an tara jama'a ba. Zaure na abin da ya fi ƙarfin sashe ne, da abin da ba a zata ba.

Idan kuskure ya iso, abu na farko shi ne a mai da rumbu yadda ya ke kafin a fara cinikin. Masana sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa ayyukan nan uku, kuɗi da buhu da rasit, a ƙulle su ƙulli ɗaya: ko su shiga duka, ko kada ɗaya ya shiga. Kamar ɗaurin aure ne, ba a cewa an ɗaura rabi. To, amma in wuta ta ɗauke farat ɗaya fa, ai zauren ma ya mutu tare da sauran gidan? Gaskiya ne. Saboda haka SQLite, bisa tsarinsa na asali, kafin ya taɓa shafi ya kan kwafe yadda shafin ya ke a wani ɗan fayil na gefe. In an sake kunna kwamfuta ya tarad da wannan fayil yana nan, ya san an katse shi a tsakiyar aiki, sai ya mai da tsohon shafin kafin ya yi wani abu. Fayil ɗin Access kuwa ya kan lalace wani lokaci in an katse shi yana tsakiyar rubutu, don haka ofishin da ke amfani da shi lalle ne ya sami batirin da zai riƙe kwamfuta ko da na 'yan mintoci ne, har malami ya rufe aikinsa.

Bayan wannan sai rubutu, nan kuwa ne zuciyar darasin. Zaure yana da littafinsa, littafin kurakurai. Duk abin da ya iso sai a rubuta ranarsa da sa'arsa, da lambar kuskuren, da sashen da ya aiko shi, da sunan wanda ke kan kwamfuta, da aikin da ya ke yi, a kuma ba shi lamba mai bin ta baya. Haka nan, duk sa'ad da aka kunna manhaja ta ga ba a rufe ta yadda ya kamata ba, ta rubuta wannan ma. Ba a ajiye littafin nan cikin rumbun da ya ke tsaro, gama in rumbu ya lalace sai ya tafi da shaidar lalacewarsa. Ba a kuma cika shi da asirin talakawa. Lambar layi ta isa, ba sai an kwafo lambar shaidar mutum da ta wayarsa ba, tun da ya ke wannan littafi ya kan je hannun mai gyara, kuma tun 2023 Nijeriya tana da doka a kan kare bayanan mutane.

Sa'an nan a gaya wa malami abin da ya faru da harshen da ya ke ji. Saƙon kirki yana faɗin abin da ya auku, da ko an ajiye aikin ko ba a ajiye ba, da abin da zai yi yanzu. Ga misali: "Ba a ajiye wannan rasit ba, domin an riga an ba wani wannan lamba. Kada ka ba da buhu tukuna. An rubuta wannan a littafin kurakurai, lamba 47." Malami ya rubuta 47 ɗin a littafinsa na hannu. Tun da ya ke daga wuri ɗaya duk saƙonni ke fitowa, juya su zuwa Hausa aikin zama ɗaya ne, kada magini ya ce muku abu ne mai wuya. Daga ƙarshe zaure ya yanke: in ƙaramin abu ne a ci gaba, in wani ne ke riƙe da rumbu a ɗan jira a sake gwadawa, in kuwa fayil ne ya lalace a tsai da aiki nan take. Ƙara rubutu a kan lalataccen rumbu kamar zuba hatsi ne a rumbun da gara ta ci gindinsa.

LITTAFIN DA BA A NUNA BA

Wani zai ce, to an gina zaure, an buɗe littafi, shi ke nan. Ba shi ke nan ba, ga kuwa dalili. A Birtaniya, daga 1999, hukumar gidan waya ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina, a ƙananan gidajen waya na ƙasar. Masu riƙe da waɗannan gidaje mutanen gari ne, matsayinsu bai yi nisa da na malamin hakimi ba, yarjejeniyarsu kuwa ta ɗora musu biyan giɓin da lissafi ya nuna. Manhajar tana da kurakurai. A wani gari na Sikotland mai suna Dalmellington, a 2015, an shigar da fam 8,000 amma manhajar ta rubuta shi sau huɗu, sai ga giɓin fam 24,000 wanda ba wanda ya taɓa. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 a kan sata ko ƙaryar lissafi. Waɗansu sun shiga kurkuku, waɗansu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba.

Abin da ya fi ɗaci shi ne, kamfanin yana da littafin kurakuran da aka sani, amma waɗanda a ke tuhuma ba su gan shi ba. Da yawansu ma an gaya musu cewa su kaɗai ne ke da wannan matsala. Sai da mutum 555, Alan Bates na gabansu, suka kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai masu iya jawo giɓi. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama ɗaya, a 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta wanke ɗaruruwa. Waɗansu sun riga sun rasu kafin wankewar ta zo.

A ganinmu, hakimin da ya bar littafin kurakurai a hannun magini shi kaɗai ya ba kura ajiyar nama, ko da maginin mutumin kirki ne, gama ba mai son tona aibin aikinsa. Littafin na ofis ne. Malami ya iya buɗe shi ya karanta, amma kada kowa ya iya share layi a cikinsa, shi ko magini. In giɓi ya bayyana a lissafi, kafin a kira malami a tsare shi da tambaya, a fara duba abin da littafin ya rubuta a wannan rana.

Kada dai a ɗora wa zaure abin da ba zai iya ba. In malami ya rubuta 1978 a maimakon 1987, ko ya sa gonar wani da sunan ƙanensa, kwamfuta ba ta ga kuskure ba, domin duka biyun sun dace da gidansu. Wannan sai idon mutum, da dagaci da mai unguwa waɗanda suka san jama'arsu. Haka kuma zaure ba ya hana ɓarawo ko gobara. Kwafin rumbun ya riƙa kwana a wani gini dabam, ana sabunta shi kowane mako in ba a iya kullum ba.

RANAR KARƁAR MANHAJA

Ran da magini ya kawo aikinsa, kada a tsaya ga kallon kyan allo. Hakimi ya ce masa, "Malam, nuna mini littafin kurakurai." In ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, ai tawa ba ta kuskure," to a dakatar da biyansa, domin ko bai gina zauren ba, ko ya toshe bakin manhajar. In ya nuna, sai a gwada a gabansa da rumbun gwaji, ba na gaskiya ba. Malami ya shigar da rasit ɗaya sau biyu. Ya cire wayar na'urar buga takarda, sa'an nan ya nemi rasit. Ya fara ciniki, wani ya kashe wutar kwamfutar yana tsakiya, a sake kunnawa a ƙidaya kuɗi da buhuna a ga ko sun yi daidai. Bayan kowane gwaji a buɗe littafin a ga ko sabon layi ya shiga, da ranarsa da sa'arsa.

A kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa magini zai riƙa duba littafin yana ba da amsa a rubuce a kan duk kuskuren da ya maimaitu, kuma in ya gano wani aibi a wani ofishin da ke amfani da manhajarsa, Gwarzo ne ko Kabo ko Kano, zai sanar da sauran. A ƙarshen kowane wata malami ya buga shafukan watan a takarda kwafi biyu, ya sa hannu, hakimi ya sa hannu. Ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, ɗaya a aika wa ma'ajin ƙaramar hukuma tare da lissafin kuɗin watan.